Yadda ake kwance tsoro daga zuciya ta hanyar zuhudu

Ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara, kafin mutum ya duba sunan mai kira gabansa ya riga ya faɗi. Ɗan kasuwa shago ne zai fara zo masa a rai, ko gobara ta tashi a layinsu. Ma'aikaci ya tuna canjin wurin aikin da ake ta raɗe-raɗinsa a ofis. Uwar da ɗanta ke makarantar kwana kuwa ta zabura tana salati. Ƙarar ɗaya ce, amma kowa inda zuciyarsa take ɗaure can igiyar ta fizge shi. Tsoro yana bin abin da zuciya ta ƙanƙame, gwargwadon ƙarfin riƙon gwargwadon fargabar. Annabi (SAW) ya haɗa su wuri guda a hadisin Sauban da Abu Dawuda ya ruwaito, inda ya ce za a jefa rauni a zukatan al'umma. Da aka tambaye shi mene ne raunin, sai ya ce son duniya da ƙin mutuwa.

Maganin da malamai suka sani shi ne zuhudu, abin da Bahaushe ke kira gudun duniya. Sunan na Hausa yakan ruɗi mutane, su ɗauka ana nufin rufe shago da sa tsumma. An tambayi Imamu Ahmad ɗan Hambali ko mai dinare dubu zai iya zama mai zuhudu, ya ce ƙwarai, da sharaɗin kada ya yi murna in sun ƙaru, kada ya yi baƙin ciki in sun ragu. Ma'anar aya ta 23 a Suratul Hadid ke nan. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa, ya kuma zama cikin manyan attajiran sahabbai. Dukiya tana hannunsa, zuciyarsa a sake. Wannan sakin horo ne da ake yi wa zuciya da aiki, kuma kwana arba'in sun isa zagayen farko. Adadin ba shari'a ce ta yanke shi ba, lokaci ne kawai da ya isa mutum ya ga canji a kansa.

Kafin a fara, a ware tsoron da ba a taɓawa

Tsoron Allah ana neman ƙarinsa ne. Tsoron maciji da wuta da ɗan fashi kuma halitta ce, shi ke hana mutum jefa kansa ga halaka. Annabi Musa ya fita daga birnin Fir'auna yana tsoro yana waige-waige, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, bai kuma rage masa daraja ba. Wanda ya ƙi bin hanyar da ake tare mutane da dare bai saɓa wa tawakkali ba. Tsoron da ake son kwancewa shi ne wanda ke zaune a ƙirji babu haɗari a gabanka: zullumin talaucin da bai zo ba, fargabar sauka daga kujera, ɗar-ɗar ɗin abin da mutane za su ce, da firgicin mutuwa irin wanda ke hana mutum shiri maimakon ya tura shi gare shi.

Mataki na farko: gano inda igiyar take ɗaure

Nemi ƙaramin littafin rubutu, ka ba wannan aiki kwana bakwai. Duk lokacin da gabanka ya faɗi, rubuta abu uku a layi ɗaya: ƙarfe nawa ne, me ya tayar da shi, me kake tsoron ka rasa. Kada ka bari sai dare, domin zuciya tana gyara labari in an ba ta lokaci. Wanda rubutu ke masa wuya ya yi da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya.

Ranar ta bakwai ka zauna bayan sallar asuba ka karanta duka. Za ka tarar abu biyu ko uku ne suke ta dawowa da riga daban-daban. Ɗauki mafi yawan zuwa, ka bi shi da tambayar "sai me?" har sai amsa ta ƙare. Mai shagon atamfa ya rubuta cewa yana tsoron farashi ya karye kayan suna hannunsa. Sai me? Jari ya ragu. Sai me? Ya kasa biyan uban gidan da ya ba shi kaya. Sai me? Ya saki shagon ya koma tebur. Sai me? Abokan layi su ga ya faɗi, dangin matarsa su ji. A nan tambayar takan tsaya, kuma a nan igiyar take. Mutumin ya ɗauka yunwa yake tsoro, ashe idon mutane ne. Wani kuma in ya bi tasa sai ta kai shi ga 'ya'ya, wani ga mutuwa.

Abin da ke ɓata wannan mataki shi ne mutum ya tsaya a amsa ta biyu don ita ce mai kyan faɗi. "Don iyali nake damuwa" magana ce da kowa ke jin daɗin furtawa. Littafin naka ne kai kaɗai, ba wanda zai karanta, saboda haka ka rubuta amsar da kake jin kunyarta.

Mataki na biyu: fitar da kazar aljihu

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wani tsoron babu zikirin da zai ɗauke shi, domin haƙƙin wani ne yake kuka a cikin dukiyar. Kafin komai, buɗe sabon shafi ka jera duk abin da ke hannunka wanda ba naka ba: bashin da lokacinsa ya wuce, ajiyar da ka taɓa, zubin adashin da ka ɗauka ba ka ƙarasa ba, gonar gado da ba a raba ba har 'yan'uwa mata sun gaji da tambaya, kuɗin maraya, albashin yaron shago, zakkar bara da ba a fitar ba. Gaban kowanne ka sa suna da adadi.

Wajen biya, fara da na mai rauni wanda ba ya iya tambayarka, wato maraya da bazawara da ɗan aiki. Sannan ƙananan basussukan da za ka iya kashewa a mako ɗaya, domin kowane suna da ka soke a takardar nauyi ne ya sauka. Manyan kuma ka taka da ƙafarka ka sami mai su, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa duk wata, a rubuta a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni. Mutane da yawa watanni suke yi suna canza hanya don kada su haɗu da mai binsu bashi, alhali zaman minti goma a ƙofar gidansa zai raba su da rabin fargabar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɓuya ce take mayar da shi dodo.

Mataki na uku: san abin da ya ishe ka, sannan ka ɗaure raƙumi

Yawancin masu tsoron talauci ba su taɓa zama sun lissafa nawa ne ke riƙe gidansu a wata ba. Abin da ba a auna ba kuwa kullum ƙato yake a ido. Zauna da uwargida, domin ita ta san kwano nawa na masara ko shinkafa ke ƙarewa a mako. Ku rubuta hatsi, cefane, gawayi ko gas, ruwa, sabulu, haya in an raba ta gida goma sha biyu, kuɗin makaranta, magani, kuɗin mota. Wannan jimla ita ce buƙata. A wani shafin ku rubuta abin da ake kashewa don ganin ido: ankon kowane biki, sabuwar waya alhali tsohuwar tana aiki, ɗinkin da ba a sa shi sau uku, gudummawar da ta fi ƙarfin aljihu. Sau da yawa mutum zai ga abin da yake hana shi barci yana shafi na biyu ne.

Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Mayar da wannan hadisi awo na kowace safiya. Bayan asuba ka duba ukun nan ɗaya bayan ɗaya, in suna nan ka faɗa da bakinka cewa yau an cika maka, ka yi hamdala. Aikin minti ɗaya ne, amma yana dawo da zuciya daga baɗi zuwa yau.

Zuhudu bai hana tanadi ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Ya sa sulke biyu ranar Uhudu. A hijira ya ɗauki ɗan jagora, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. Da wani ya tambaye shi ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Saboda haka ga kowane tsoro da ke littafinka, rubuta matakin kariyar da ke hannunka, wato igiyar raƙuminka, ka ɗaura ta. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022, ya san abin da ake nufi: a kira mai gyaran wuta ya duba wayarin ɗin shago, a kashe komai daga babban makunni kafin a rufe, a ajiye tukunyar kashe gobara, a ɗaga diloli daga ƙasa a kan katako, kada a zuba duk jari a ɗaki ɗaya. Magidanci ya yi ƙoƙarin tara abin da zai riƙe buƙatar shafin farko na wata uku, ko da zai ɗauke shi shekara biyu yana tarawa, wani ɓangare hatsi ne a buhu, domin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna cewa kuɗi na iya kasancewa a asusu gida kuma babu tuwo.

Ga ƙa'idar da ke raba tanadi da tsoro: kowace igiya sau ɗaya ake ɗaura ta. Ka duba kwaɗon shago, ka ja shi ka ji ya kama, ka ce bismillah, ka tafi. In ka kai bakin titi zuciya ta ce koma ka sake dubawa, kada ka koma. Komawa ta biyu ba ta ƙara wa kwaɗon ƙarfi, tsoron take ciyarwa, kuma gobe sau uku zai nema.

Mataki na huɗu: koya wa hannu saki

A nan ne aikin yake da zafi, a nan kuma yake da tasiri. Aya ta 268 a Baƙara ta ce Shaiɗan yana yi muku alkawarin talauci, kuma ta zo ne a tsakiyar ayoyin ciyarwa. Zuciya ta yarda cewa in abu ya fita daga hannu halaka ta zo. Ba a rusa wannan da wa'azi kaɗai, sai an nuna mata a aikace sau da yawa cewa an bayar kuma an kwana lafiya.

Ana yin sa hawa uku. Na kullum: ware wani abu ƙarami da ba zai taɓa cefane ba, ko da kuɗin ƙosai ne, ka fitar da shi kafin azahar, kowace rana ba fashi. Ƙanƙantarsa ba komai, ɗorewar ake so. Na mako: duk Juma'a ka ɗauki abu ɗaya da kake so ka bayar. Buɗe akwati ka ƙirga kayan sawarka. Duk wanda shekara ta zagayo ba ka sa shi ba ya fita, amma wannan shara ce kawai, ba ita ce horon ba. Horon shi ne shaddar nan da ka fi ji da ita, wadda hannunka ya ɗauka ya mayar, ya sake ɗauka. Aya ta 92 a Ali Imrana ta ce ba za a kai ga nagarta ba sai an ciyar daga abin da ake so. Lura da abin da ke faruwa a ƙirjinka sa'ad da kake miƙa ta: wani ɗan matsewa, da dalilai biyar da za su taso nan take na cewa a bari sai wani makon. Wannan matsewar ita ce igiyar da kake nema, ka gan ta ido da ido. Miƙa, ka juya, kada ka tsaya jiran godiya. Bayan kwana uku ka duba littafinka ka rubuta ko rashin rigar ya rage maka wani abu. Na shekara kuma zakka ce ga wanda dukiyarsa ta kai nisabi, dinare ashirin, wato kimanin giram 85 na zinare, ta kuma shekara: ɗaya cikin arba'in, a lissafa da alƙalami, har kayan sayarwa da ke shago, kada a yi kintace.

Kurakurai uku ke kashe wannan mataki. Na farko zumuɗi: mutum ya ji wa'azi ya motsu, ya kwashe jari ya rabar, bayan wata guda ya shiga roƙo, tsoronsa ya dawo ninki biyu har da jin haushin sadaka. Ka'abu ɗan Malik ya so ya ba da dukiyarsa duka don murnar karɓar tubarsa, Annabi (SAW) ya ce ya riƙe wani ɓangare, shi ya fi masa alheri. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas kuma, da ya so yin wasiyya da dukiyarsa, aka tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku, aka ce masa barin magada a wadace ya fi barinsu suna roƙon mutane. Na biyu bayarwa a gaban jama'a ko ɗaukar hoto. Wanda igiyarsa idon mutane ce, in ya yi haka ya sayar da riga ya sayi yabo, riƙon yana nan inda yake. Ya ba da tasa a ɓoye, ta hannun wani in ya yiwu. Na uku ciniki da Allah: mutum ya bayar yana ƙirga kwanakin da za a ninka masa, in bai gani ba ya yi fushi. Wannan har yanzu duniya yake nema, ya canza kasuwa ne kawai.

Mataki na biyar: ɗanɗana abin da kake gudu

Mai tsoron talauci ya zaɓi yini ɗaya a mako ya rayu da kaɗan da gangan. Azumin Litinin ko Alhamis ya wadatar, da sharaɗin buɗa-bakin ya zama mai sauƙi: dabino, ruwa, kunu, tuwo da miyar kuka. In an cika faranti da soye-soye an rushe darasin. Mai mota ya ajiye ta ranar ya hau a-daidaita-sahu. Mai ciwon suga ko gyambon ciki da mai juna biyu su bar azumin, su rage wani abin daban. Kuma horon na mai yinsa ne, kada maigida ya ɗora wa mata da yara yunwa da sunan zuhudu. Ciyar da su wajibi ne a kansa, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa.

Wanda tambayar "sai me?" ta kai shi ga idon mutane, nasa ɗanɗanon daban ne, kuma a ganina ya fi azumi wuya. Sau ɗaya a mako ya faɗi gaskiyar da yake ɓoyewa don kare girma. A kawo anko ya ce, "Wannan karon ba ni da hali, amma zan zo." A tambaye shi abin da bai sani ba a gaban mutane ya ce bai sani ba. Ya je ɗaurin aure da wankakkiyar rigar da aka riga aka san shi da ita. Ya ɗauki tsintsiya ya share masallacin unguwa, ko da ana ce masa Alhaji ko ranka ya daɗe. Zai ga maganar da yake tsoro ko dai ba a yi ta ba, ko an yi ta kwana biyu an wuce. Kafin ya fita ya karanta wasiyyar da Annabi (SAW) ya yi wa Ibn Abbas yana yaro, cewa da al'umma za ta taru don ta cuce shi ba za ta iya ba sai da abin da Allah ya rubuta masa.

Waya ma tana cikin wannan. Kallon gidaje da motoci da lefen wasu a Instagram da TikTok awa biyu kafin barci yana ƙara tsawon shafi na biyu ba tare da ka sani ba. Hadisi ya ce a dubi na ƙasa, kada a dubi na sama, don kada a raina ni'imar Allah. Ajiye wayar bayan isha, a wajen ɗakin kwana. Labaran hare-hare da haɗurra kuma a saurare su sau ɗaya a yini daga kafar da aka amince da ita, a bar bidiyon gawarwaki da ake turowa a WhatsApp.

Mataki na shida: shirya wa mutuwa da alƙalami da ƙafa

Tsoron mutuwa yakan ragu in an mayar da shi shiri. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa bai kamaci Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Rubuta taka a mako na huɗu. A ciki ka sa bashin da ake binka da wanda kake bi, ajiyar mutane da ke wurinka, inda takardun fili da gida suke, asusun da iyali ba su sani ba, abokan haɗin jari da kason kowa. In za ka yi wasiyya da wani abu na alheri, kada ya wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Adilai biyu su sa hannu, ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce inda take. Hannu yakan yi rawa a layin farko. Wasu na ganin rubuta wasiyya kiran ajali ne, wannan camfi ne, ajali ba ya jiran takarda.

Sannan maƙabarta. An yi umarni da ziyartarta don tana tuna lahira. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. Je da rana, ka yi sallama ga mamata, ka yi musu addu'a, ka tsaya kamar minti goma. Dubi tsawon kabari da faɗinsa, dubi yadda na bara ya fara lotsawa, itacen da aka kafa don shaida gara ta ci shi, har ba ka iya raba na mai gidan bene da na mai tura kura. In an yi rasuwa a unguwa, kada ka tsaya a gaisuwa kawai: ɗauki makara, ka karɓi tukwane ko itace ka miƙa, ka zuba ƙasa da hannunka. Mata, da yake a al'adarmu ba su cika zuwa maƙabarta ba, suna samun irin wannan a wajen wankan gawa da ɗinkin likkafani da duba marasa lafiya.

A kula da kyau a nan. In ziyarar ta bar ka da sanyin jiki da son gyara, tana aiki. In kuwa ta bar ka da mafarkai da kasa cin abinci, dakatar da ita, ka koma ayoyin rahama da gafara har zuciya ta daidaita. Tsoro da fata tare suke tafiya, kuma an hana mumini fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi.

Tsoro a kan 'ya'ya

Wannan ne mafi wuyar kwancewa, domin son da ke ƙarƙashinsa halal ne, rahama ce. Ba a neman uwa ta rage son ɗanta. Abin da ake gyarawa shi ne jin cewa kai ne mai tsaronsa. Annabi Yaƙub ya riga ya rasa Yusuf, 'ya'yansa suka zo neman tafiya da ƙanin Yusuf ɗin. Ya karɓi alkawari daga 'ya'yansa, ya umarce su su shiga birni ta ƙofofi daban-daban, sannan ya ce shi ba ya iya kare musu komai daga Allah, tun da farko ma ya riga ya ce Allah ne mafificin mai tsaro. Tsarin ke nan. Yi rigakafin da asibiti ke bayarwa, san abokan ɗanka da hanyar makarantarsa, tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi da dare, ka ce ka ba Allah ajiyarsa, sannan ka bar shi ya fita. Yaron da aka kulle saboda fargabar iyaye yakan tashi da tsoron a jikinsa.

Sa'ad da tsoron ya taso

Duk da wannan horo, zai riƙa kawo farmaki, galibi da tsakar dare. Kada ka kwanta kana juyi kana gardama da shi. Tashi zaune, ka kira shi da sunan da ka gano a littafi: wannan tsoron faɗuwa a idon mutane ne. Ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi ya fi jan tsawo, kamar sau goma. Yi alwala, ka yi raka'a biyu ka tsawaita sujada. Maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil, kalmar da sahabbai suka faɗa bayan Uhudu da aka ce musu mutane sun tara musu runduna. Sannan tambayi kanka ko akwai igiyar da ba ka ɗaura ba. In akwai, rubuta ta da lokacin da za ka yi ta gobe. In babu, aikinka ya ƙare, koma shimfiɗa.

Safe da yamma kuma riƙe addu'ar da Anas ya ce Annabi (SAW) yana yawaita ta, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, gajiyawa da kasala, rowa da ragwanci, nauyin bashi da rinjayen mazaje. Lura da yadda rowa da ragwanci suka zo a jere. Ƙara da Bismillahillazi la yadurru sau uku. Kaɗan da ake yi kullum da fahimtar ma'ana ya fi dubu da ake ja ranar da aka firgita kawai.

Awo bayan kwana arba'in, da inda ake zamewa

Sake rubutun mataki na farko a makon ƙarshe, sannan ka koma littafin ka kwatanta makon farko da na ƙarshe. Faɗuwar gaba sau nawa a yini? In an yi asara, ɗinki ya lalace ko ciniki ya watse, awa nawa kake ɗauka kafin ka dawo daidai? Kana iya cewa a'a ga mai girma in ya nemi ka yi abin da bai dace ba? Wannan na ƙarshen shi ne awo mafi gaskiya, domin in ba kwaɗayi ba wulaƙanci. In an sami sauƙi a kan tsoro ɗaya, ɗauki na biyu a jerin ka sake zagaye.

Ana zamewa ta wurare sanannu. Akwai wanda kasala ce ke damunsa sai ya sa mata rawanin tawakkali, ya bar fita nema. Tsuntsayen da hadisi ya buga misali da su suna fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, fitar tana cikin misalin. Akwai wanda bai samu ba ne yake zagin duniya, ranar da ta leƙo sai ya rungume ta da hannu biyu. Akwai wanda zuhudun kansa ya zame masa abin taƙama, yana kallon mai sabuwar riga a wulaƙance, ya fita daga son kuɗi ya faɗa son a ce masa waliyyi. Akwai kuma mai son ya gudu daga mutane gaba ɗaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, 'yan shekaru bayan hijirar da wansa Shehu Usmanu ya yi zuwa Gudu a 1804, ya ga son mulki da dukiya ya fara shiga jama'a, ya bar runduna ya nufi gabas. Da ya iso Kano mutanenta suka riƙe shi ya karantar da su, daga baya ya koma ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a. Samun malami ko aboki mai gaskiya da za ka riƙa gaya wa halin da kake ciki duk mako biyu yana tare yawancin waɗannan, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Wani tsoron kuma na jiki ne, zuhudu ba ya maye gurbin likita a kansa. In zuciya tana bugawa da ƙarfi haka kawai, da gumi da toshewar numfashi da jin kamar yanzu za a mutu, ko rashin barci da rashin cin abinci sun wuce mako biyu, ko abin ya faro ne bayan hari ko garkuwa ko haɗarin mota ko haihuwa, a je asibiti. A fara rage goro da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari, a auna hawan jini da suga, a duba maƙoƙo, domin cutarsa tana kawo bugun zuciya da fargaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka ko raunin imani. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, a kai shi ranar, kada a bar shi shi kaɗai. A irin wannan hali a jingine ziyarar maƙabarta da azumin nafila, a riƙe sadakar kullum da addu'o'in safe da yamma, sauran matakan a dawo musu bayan likita ya ga an samu sauƙi.